Firinta ta ƙi aiki bayan an sabunta Windows: kada ka yi gaggawar sayen wata

Ina da shagon buga takardu da fotokofi a unguwar Yelwa a Garwa, a arewacin Kamaru, ina kuma gyaran kwamfuta a gefe. Tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, mutane suka shiga rububin komawa Windows 11, matsalar da aka fi kawo mini ita ce ta firinta. Jiya tana aiki lafiya lau, yau an ɗora sabon Windows, ta yi shiru. Fitilarta na ci, takarda na ciki, garin tawadarta, wato tona, bai ƙare ba, amma ko motsi ba ta yi. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake saurin yanke mata hukunci. Wani ya kai ta wajen mai gyara a kwance ta, wani ya sayar da ita a wulaƙance ya ci bashi ya sayo sabuwa, alhali babu abin da ya same ta.

Ra'ayina a kan wannan ba ya canzawa. A shago irin namu firinta ce ke kawo kuɗi, kwamfuta hidima take yi mata. Saboda haka firinta ce ya kamata ta faɗi ranar da za a sabunta kwamfuta, ba saƙon da ke ta fitowa a kan allo ba.

Abin da ya lalace a zahiri

Tsakanin Windows da firinta akwai wata 'yar manhaja da ake kira direba. A kwamfutocin da ke da Faransanci, waɗanda su ne suka fi yawa a nan, za ka ga an rubuta pilote. Aikinsa irin na tafinta ne a gaban alƙali: kwamfuta ta yi magana, shi ya juya wa firinta da yaren da take ji. Idan aka canza Windows, sau da yawa tsohon direba ba ya iya aiki da sabon, ko kuma an goge shi gaba ɗaya lokacin da aka yi wa kwamfutar fomat, wato aka share ta aka sake ɗora mata Windows.

Babban dalili na farko shi ne bambancin bit 32 da bit 64, wato nau'i biyu da Windows ke zuwa da su. Tsofaffin kwamfutocin da muke saye na hannu da yawa suna zuwa da Windows 7 mai bit 32. Windows 11 kuwa ba shi da mai bit 32 ko kaɗan, tun fitowarsa a Oktoba 2021 mai bit 64 ne kawai. Direban da aka rubuta wa 32 ba zai hau 64 ba ko ka kwana kana gwadawa. Faifan CD ɗin da ya zo cikin kwalin firintarka shekaru da suka wuce, mai yiwuwa ba shi da amfani yanzu.

Dalili na biyu ya shafi irin firintocin da muka fi amfani da su. HP LaserJet 1018 da 1020 da P1005 da P1102, da Canon LBP2900, duk ƙananan injuna ne masu juriya da araha, kuma arahar tasu ta zo ne daga cewa ba su da ƙwaƙwalwar sarrafa shafi da kansu. Kwamfuta ce ke yin duk aikin ta aiko musu da hoton shafin a shirye. Ita 1020 ma, ɗan shirin da take tashi da shi daga kwamfuta ake tura mata duk lokacin da aka kunna ta. Shi ya sa irin waɗannan ba sa karɓar direban aro. Canon LBP2900 direba mai suna CAPT take so, LBP6030 kuma UFR II LT. Direban gama-gari na HP, wanda ke tuƙa manyan firintocin ofis masu jin yaren PCL, ba ya tuƙa 1020. Na sha ganin an ɗora shi an zauna ana jira.

Ga wanda bai sabunta ba tukuna

Ɗan'uwa, kai ne ka fi kowa sa'a. Juya firintarka ka karanta takardar da ke manne a bayanta ko a ƙasanta, ka rubuta cikakken sunanta, har da harafin ƙarshe. P1102 daban, P1102w daban. Shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ka duba ko akwai direba na Windows 11, ko aƙalla na Windows 10 mai bit 64, domin galibin na Windows 10 mai 64 suna aiki a kan 11. Sauke shi ka ajiye a filash kafin a taɓa komai. Idan babu ko ɗaya, to ka riga ka san amsa: wannan kwamfutar ba za a sabunta ta ba sai ka tanadi wata hanya.

Kada kuma ka yi wannan aiki a lokacin da ɗalibai ke haɗa takardun jarrabawar BEPC da Probatoire da Baccalauréat, ko lokacin da aka buɗe gasar ɗaukar ma'aikata, layi har bakin titi. Ka zaɓi ranar da kasuwa ta lafa. Idan kana da kwamfuta biyu, sabunta ɗaya, ka gwada kowace firinta a kanta, ka bar ɗayar tana aiki.

Wanda kuma ya riga ya sabunta daga Windows 10 zuwa 11 ba tare da fomat ba, yana da kwana 10 da zai iya komawa baya. Hanyar tana cikin Paramètres, sai Système, sai Récupération. Sharaɗin shi ne kada a goge foldar Windows.old, wadda yara masu neman fili a kwamfuta suke saurin sharewa.

Kafin ka ɗora wa direba laifi

Ka tabbatar firintar da kanta lafiya take. Da yawa suna iya fitar da shafin gwaji ba tare da kwamfuta ba, ta hanyar riƙe wani maɓalli a jikinsu ko ta ɗan allonsu. Mafi sauƙi ma, ka jona ta da wata kwamfutar da ba a sabunta ba. Idan ta buga, an wanke ta. Canza wayar USB, ka soka ta kai tsaye a bayan kwamfuta, ba ta cikin ɗan akwatin nan mai baki da yawa ba. Ƙurar hunturu a nan Arewa tana cika bakunan USB, ɗan buroshi busasshe ya sha warware abin da aka ɗauka babbar matsala ce.

Sai ka san wane Windows ke gabanka. Danna maɓallin tutar Windows tare da R, ka rubuta winver, zai nuna maka sigarsa. Ka sake danna su, ka rubuta msinfo32, ka nemi inda aka rubuta x64 ko x86. Na farkon shi ne bit 64, na biyun 32. Ina son waɗannan gajerun umarni ne saboda iri ɗaya suke ko kwamfutarka mai Faransanci ce ko mai Turanci ce da ta shigo ta Najeriya. Idan ka ga ARM64, wato sababbin laftof masu injin Snapdragon, to direban x64 na firinta ba ya hawansu, sai wanda aka yi musu musamman.

Alamun ma suna magana. Idan a ƙarƙashin sunan firinta ka ga an rubuta Pilote indisponible, babu direba ko wanda ke nan bai dace ba. Idan takardu na shiga layi suna tsayawa, ko dai layin ne ya cushe ko an haɗa ta da bakin da ba nata ba. Idan kuwa ta fara fitar da shafi bayan shafi da 'yan alamomi marasa ma'ana a layin sama, direban wata firintar aka ɗora mata. Wannan ka kashe ta nan take, in ba haka ba za ta cinye maka rabin rim kafin ka ankara.

Inda za ka samo direba

Shafin kamfanin da ya ƙera firintar, shi kenan. A nan nake da zafi. Idan ka rubuta sunan firinta a Google, shafukan da ke fara bayyana da yawa ba na kamfanin ba ne, kuma manhajojin da ke alkawarin gyara maka duk direbobi da dannawa ɗaya su ne ƙofar da ƙwayoyin cuta ke shigowa. Ka tuna abin da ke cikin kwamfutar shago: katin ɗan ƙasa na mutane, takardun haihuwa, takardun fili, hotunan fasfo. Amana ce aka ba mu. Dubi adireshin da kyau, ya zama na HP ko Canon ko Epson ko Brother na gaskiya.

Idan data ta yi maka tsada, kada ka ɗauko babban kunshin da ke da ɗaruruwan megabait. Yawanci a ƙasansa akwai ƙaramin da ke ɗauke da direba kaɗai, shi ya wadatar. Kuma idan shafin bai nuna komai na Windows 11 ba, canza zaɓin da hannunka zuwa Windows 10 mai bit 64, in babu ka sauka zuwa Windows 8.1 ko 7 mai bit 64. Abin da ba a sassautawa shi ne bit ɗin. Da irin wannan nake tayar da 1020 da LBP2900 a kan Windows 11, kuma suna aiki.

Share tsoho tukuna

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi muhimmanci. Idan ka ɗora sabon direba a kan ragowar tsoho, Windows na iya ci gaba da ɗauko gurɓataccen, kai kana ganin kamar sabon ne bai yi ba.

Zare wayar USB. Shiga Paramètres, sai Bluetooth et appareils, sai Imprimantes et scanners, ka cire firintar. Ka cire har da 'yan'uwanta da aka rubuta wa Copie 1 da Copie 2, waɗanda ke haihuwa duk lokacin da aka canza bakin da ake soka waya.

Daga nan sai layin jira. Danna tutar Windows da R, rubuta services.msc, ka nemi Spouleur d'impression, a kwamfuta mai Turanci kuma Print Spooler, ka tsayar da shi. Buɗe foldar C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ka goge duk abin da ke cikinta, amma ita foldar ka bar ta. Takardun da suka maƙale ne kawai a ciki, ba wani abin da za ka yi asara. Koma ka tayar da Spouleur ɗin. Af, ga masu kibod na Faransanci, wannan karkataccen layi da ke cikin adireshi yana fitowa ne idan ka riƙe AltGr ka danna 8. Yarona na shago ya taɓa tambayata, “Maigida, ina aka ɓoye wannan alamar?” Tun daga ranar na manna ta a takarda a jikin tebur.

Yanzu rubuta printui /s /t2 a wannan ɗan akwatin na R. Jerin duk direbobin firinta da ke kwamfutar zai bayyana. Zaɓi na firintarka, ka cire, kuma idan ya tambaye ka, ka zaɓi cire direban tare da kunshinsa, ba direban kaɗai ba. Wani lokaci zai ce ana amfani da shi. Sake tayar da Spouleur ɗin ka gwada nan da nan, ko ka kashe kwamfutar ka kunna ka fara da wannan kafin ka buɗe komai.

Ɗora sabo

Bar wayar a zare. Danna fayil ɗin da ɓangaren dama na maus, ka zaɓi buɗe shi da ikon mai kula da kwamfuta, ka bi shi har sai shi da kansa ya ce ka jona firinta. Idan ka riga shi sokawa, Windows zai yi maza ya liƙa mata wani direban da ya ga dama.

Idan manhajar girkawa ta ƙi buɗewa, tana cewa ba ta san wannan Windows ɗin ba, sau da yawa ita ce tsohuwa, direban da ke cikinta lafiya yake. Hanya biyu ce. Ko dai ka shiga Propriétés na fayil ɗin, shafin Compatibilité, ka sa ya ɗauka a kan Windows 7 ko 8 yake. Ko kuma ka warware kunshin da 7-Zip ko WinRAR, ka nemi fayil mai ƙarewa da .inf. Sai ka jona firinta, ka je wajen ƙara firinta, ka jira zaɓin ƙarawa da hannu ya fito, ka zaɓi bakin USB001, ka danna Disque fourni, ka nuna masa wannan .inf ɗin. Na fi son wannan ta biyun, domin ba ta jawo maka tarkacen manhajojin da ba ka nema ba.

Ka lura da bakin. Idan an gama komai amma ba ta bugawa, buɗe Propriétés de l'imprimante, shafin Ports. Idan alamar tana kan LPT1 ko FILE, mayar da ita USB001. Idan akwai USB002 da USB003, gwada su ɗaya bayan ɗaya kana tura shafin gwaji. Masu P1102 kuma su sani, wasu daga cikinsu kan bayyana a kwamfuta kamar faifan CD, saboda wani tsari da ake kira Smart Install. Muddin kwamfuta na kallon ta a matsayin faifai ba za ta buga ba, sai an kashe tsarin da ɗan kayan aikin da HP ya tanada ko an sabunta shirin da ke cikin firintar.

Akwai abu biyu na sabon Windows da ya kamata ka sani. A Windows 11 sigar 24H2 an kawo wani zaɓi mai suna Windows protected print, a cikin shafin firintoci. Idan aka kunna shi yana cire direbobin kamfanoni, ya bar firintocin da ke da shaidar Mopria kaɗai, wato masu iya bugawa ba tare da direban kamfaninsu ba. Ga mai tsohuwar LaserJet ko LBP, ka tabbatar a kashe yake. Na biyu, tun 2023 Microsoft ya sanar cewa zai riƙa janye hannu a hankali daga rarraba direbobin kamfanonin firinta ta Windows Update, yana karkata zuwa nasa direban na bai-ɗaya mai suna IPP. Wannan direban yakan buga takarda, amma ga mai Epson L3250 da makamantanta bai isa ba. A direban Epson ne ake samun wajen duba ƙofofin tawada da wanke kan firinta, kuma a zafin Maris da Afrilu na Garwa, inda tawada ke saurin bushewa, wannan ba abin da za ka iya rayuwa ba shi ba ne.

Firinta ɗaya, kwamfutoci da yawa

A shaguna da ƙananan ofisoshi ana jona firinta da kwamfuta ɗaya, sauran su riƙa aiko mata ta netwok. Bayan sabuntawa sai ka ga lambar 0x0000011b ko 0x00000709. Asalinsu daga 2021 ne, lokacin da aka gano wata ɓaraka a tsarin bugawa na Windows da aka sa wa suna PrintNightmare, Microsoft ya tsaurara yadda kwamfutoci ke karɓar direba daga junansu. Tsohon Windows da sabo suka daina fahimtar juna a wannan fannin.

Za ka ga ana ba da shawarar canza wata lamba a cikin rajistar Windows. Yana yin aiki, amma buɗe ƙofar da aka rufe don tsaro ne, ni ba na yi wa mutane. Ga abin da nake yi. Na fara tabbatar da cewa netwok ɗin yana kan Privé a kowace kwamfuta, ba Public ba, domin sabuntawa kan juya shi. Sai in ɗora direban a kan kwamfutar da ke son aikowa, kamar firintar a gabanta take. Wajen zaɓen baki sai in ƙirƙiri sabo irin Local Port, in rubuta masa adireshi kamar haka: \\sunan-kwamfuta\sunan-firinta. Ka ba firintar gajeren suna mara tazara tun wajen raba ta, zai rage maka wahala.

Manyan injunan fotokofi irin Canon iR masu bakin netwok nasu ba sa buƙatar wannan zagaye. Ka ba injin lambar IP tsayayya, wato adireshinsa a netwok, ka ƙara shi a kowace kwamfuta ta bakin TCP/IP. Idan yana nuna ba ya kan layi alhali yana kunne, shiga saitin bakin ka cire alamar da ke kan SNMP.

Idan babu direba sam

Akwai waɗanda babu dabara. Canon LBP-810 da LBP-1120 da HP LaserJet 1000 ba a yi musu direban bit 64 daga kamfani ba. Raba su ta netwok ma ba ya magani, domin kwamfutar da ke aikowa ita ma sai da nata direban. Wani dattijo mai rubuta wa mutane takardun koke ya zo mini da LBP-1120, ya ce, “Ɗana, a ce in jefar da ita?” Na ce, “A'a Baba, tsohuwar kwamfuta za mu ajiye mata.” Ka samu tsohuwar kwamfuta mai Windows na bit 32, ka raba ta da intanet gaba ɗaya, aikinta bugawa kawai. Ka yi rubutunka a sabuwar, ka mayar da shi PDF, ka ɗauka a filash. Ka dai riƙa bincika filash ɗin a sabuwar kwamfuta, kada na kwastoma ya shiga tsohuwar kai tsaye, tunda ita ba ta samun kariya.

Ta fara bugawa, saura kaɗan

Sabon direba yakan zo da girman takarda na Amurka mai suna Letter, milimita 216 da 279, mu kuwa A4 muke amfani da ita, milimita 210 da 297. Idan ba ka gyara ba za ka ga ƙasan shafi ya yanke, ko firinta ta tsaya tana walƙiya da fitila tana neman takardar da ba ka da ita. Canza shi a cikin Préférences d'impression, ka kuma duba cikin Word. Kashe zaɓin da ke barin Windows ya zaɓa maka firintar farko, in ba haka ba kullum zai riƙa bin wadda aka yi amfani da ita a ƙarshe, takardar kwastoma ta tafi PDF kai kana jiran ta a bakin inji.

Injin da ke haɗe da sikana direba biyu yake da shi. Bugawa na iya dawowa sikana bai dawo ba, sai ka sauke nasa daban, na Epson sunansa Epson Scan 2. Tsofaffin injunan fotokofi masu tura sikanin zuwa folda a kwamfuta kuwa, da yawansu da tsohon tsarin raba fayiloli mai suna SMB1 suke magana, wanda Windows 11 ba ya zuwa da shi a kunne. Ta wannan tsarin cutar WannaCry ta yaɗu a 2017, don haka ba na kunna shi a kwamfutar da ke hawa intanet. Idan injin na da bakin USB, yi sikanin zuwa filash. Idan ba shi da shi, tura zuwa waccan tsohuwar kwamfutar da ka raba da intanet, ka kwaso daga can.